Akwatunan Injiniya

Fetur galan huɗu. Burodi. Gishiri, magi, taba kwali-kwali. Ƙwayoyin da ba a sayarwa sai ta bayan kanti. Batiran waya. Rabin buhun shinkafa, a fashe.

Abin da babur ɗin ya ɗauko ke nan, kuma bai kai ba. Ya zube a hanyar ƙasa da ta bar Bukkuyum ta nufi Adabka, daidai inda gonaki suke ƙarewa daji ya fara. Akwatin hagu ya buɗe da ƙarfin faɗuwar. Mahayin ba ya nan. An tsinci hular kwano da baƙar rigar hawan babur a cikin gero, an yar da su. Sawu kuwa babu, don kafin Sufeto Maccido ya iso 'yan sa-kai sun tattake wurin kaf.

Shugabansu, Dodo, yana tsaye da bindiga a kafaɗa.

"Ka makara, Sufeto. Kuma ba aikin da ya rage maka. Babur guda ne irin wanga tun daga Anka har Gummi."

Gaskiya ya faɗa. Jan babur ne na tsere, na Nuraddeen, wanda ya yi karatu a Indiya ya dawo yana kafa famfon sola a ƙauyuka. Injiniya ake ce masa, kuma ba don yabo ba. Ya sa an ɗaura wa babur ɗin akwatunan alminiyam biyu masu makulli don kayan aikinsa. Ya canza salansa, ya sa wata mai ƙara da ake ji tun kafin a hango shi. Ba ya tsayawa gaisuwa. Bara mutanen Dodo sun tare shi a shingensu na bakin gari, sun ɓalle akwati da adda, sun fasa masa na'urar awo. Ya kai ƙara. Aka sa Dodo ya ba shi haƙuri a gaban jama'a. Tun daga ranar ba wanda ya sake ce masa ya buɗe akwati.

A wannan ƙasa, wanda aka kama yana kai wa ɓarayin daji kaya ba ya isa kotu. Kowa a wurin ya san haka.

"Wa ya gan shi?" in ji Maccido.

Wani dogo mai suna Halliru ya matso yana ɗingishi, ƙafarsa ta hagu a naɗe da tsumma. "Ni nike shinge. Bayan azahar ya wuce."

"Ka ga fuskarsa?"

"Cikin kwanon nan? Wa ke ganin fuskarsa?"

"Ya yi magana?"

"A'a. Hannu dai ya ɗaga muna."

"Ka ji ko," in ji Dodo. "Har da ɗaga hannu, don raini."

Maccido ya tsuguna. Fetur ɗin duka a akwatin hagu aka cusa shi, na dama kuwa burodi ne da taba. An ɗaure buhun shinkafa a baya da robar tuf, irin ɗaurin 'yan kabu-kabu. Robar ta bi ta kan salansa, ta narke, ta bar baƙin tabo a jikin ƙarfen. Buhun ya zame ya shiga taya. Babu madubi ko ɗaya, kuma ba karyewa suka yi ba, kwance su aka yi. Ya juya rigar. Kafaɗar hagu ta guje, amma ba jini. Ya sa yatsa a ƙarƙashin ƙarfen giya, ya dubi yatsan, ya ɗauki hoto da waya.

"Ina Injiniyan yake?" in ji Dodo.

"Yana caji ofis. Na aika an ɗauko shi kafin in fito."

Mutanen suka yi gunaguni. Dodo ya tofa yawu.

"Ku 'yan dawowa kun san juna. Kai ma Kudu ta raine ka, ba ka binne kowa ba nan. Mu munka binne. Na ba ka zuwa magaribar gobe. In ba ka ba mu shi ba, za mu shigo mu ɗauka."

Maccido ya sa aka ɗora babur ɗin a bayan mota.

Nuraddeen yana zaune a ɗakin tambaya da singileti da silifas, gumi na zubo masa. Zazzaɓi ne, ba tsoro ba. Makullin babur na rataye a wuyansa.

"Ina babur ɗinka?"

"A zauren gidanmu."

"Yana bayan motata. Hanyar Adabka na ɗauko shi, cike da kayan daji."

Nuraddeen ya dube shi. "To an sace shi."

"Ina kake bayan azahar?"

"Kwance. Na sha magani tun hantsi, kofur ɗinka ne ya tashe ni."

"Ba ka ji an tada shi ba? Duk gari na jin babur ɗin nan."

"Wanda ya tura shi ya fita unguwa kafin ya tada, ba zan ji ba. Wannan ai ba sai injiniya ba."

"Wa zai shaida kana kwance?"

"Inna. Ko Yaya Khalifa, in yana gida."

"Makulli nawa ne?"

"Biyu. Ɗayan na bar wa Sagir, bakanike a Anka, lokacin da yake ɗaura akwatunan. Ban karɓa ba."

"Hula da riga?"

"A zaure nake rataye su, kusa da babur."

"Takalmin?"

"Ƙarƙashin gadona. Me ya kawo takalmi?"

Maccido ya saki biro ya faɗi, ya sunkuya ya ɗauka. Ya ɗan daɗe a ƙarƙashin tebur.

"Mutane ba sa son ka," in ji shi da ya ɗago.

"Ban dawo don a so ni ba. Ruwa nake jawo musu."

"Suna wajen nan. Ba ruwa suka zo nema ba."

Nuraddeen ya juya ya dubi taga. A ƙarƙashin dalbejiyar da ke tsallaken titi mutane sun fara taruwa, wasu da adduna.

"Za ka ba su ni?"

"In ban samo wani ba, ba sai na ba su ba. Mu biyar ne a ofishin nan."

Washegari da sassafe Maccido ya kama hanyar Anka. Garejin Sagir rumfar kwano ce a bakin tasha. Labari ya riga shi isa. Sagir bai tashi daga kan injin da yake kwancewa ba.

"In kama ni ka zo yi, Yallaɓai, bari in wanke hannu."

"Kai ka yi wa Injiniya aiki?"

"Aiki? Wahala dai. Ya zo da kaya cikin kwali, ya buɗe waya yana nuna mini yadda wani Bature ke yi. Ni da nike walda tun shina tsumman goyo. Maratayar akwati sai da ya sa na sake ta, wai ta karkace da kaurin farce. Ya canza shoka, ya canza haƙoran sarƙa don ta ja kaya cikin rairayi, ya sa tayu masu ƙaya. Ƙarshe ya ce mini maƙeri."

"Ka ji haushi."

"Na ji. Har gobe ina ji."

"Har ka so a kashe shi?"

Sagir ya ajiye sifana. "Jiya tun safe ina nan ƙarƙashin motar direban Gummi. Tambayi tasha duka."

Maccido ya nuna masa hotunan. Sagir ya karɓi wayar, ya kusantar da ita da ido, ya yi tsaki.

"Wane jaki ne ya ɗaure roba kan salansar nan? Ba irin tamu ba ce da ke kwance ƙasa. Sama ta ɗago, ƙarƙashin akwati, kuma zafinta na gasa nama. Shi Injiniya ko igiyar takalmi ba ya bari ta taɓa wurin. Kuma dubi lodi. Nauyi duk gefe guda. Mutumin da ke auna akwatunansa da sikeli kamar mai sayar da zinari?"

"Kai fa? Ka taɓa hawansa?"

"Sau ɗaya, gwaji." Ya zare silifas ɗin hagu ya miƙo ƙafa. A bayan ƙafar, saman babban yatsa, akwai tsohon tabo da ya warke ya yi fari. "Ga ladan da na samu."

"Yaya aka yi?"

"Baburanmu na kabu-kabu takawa kawai kake yi. Gaba da yatsu, baya da dunduniya. Wanga ba shi da baya. Giya ta ɗaya ka taka ƙasa, sauran duka sai ka cusa ƙafa ƙarƙashi ka ɗago. Da can akwai roba a bakin ƙarfen. Ya cire, ya sa wani mai haƙora don ya kama takalminsa na sojan Indiya. Hau shi da silifas ka gani. Kafin ka kai giya ta uku ya feɗe ka."

"Makullin da ya bar maka?"

"Na kai gidansu tun kafin damina. Ba shi nan, na ba Inna hannu da hannu."

Maccido ya tambayi mutanen tasha. Direbobi da mai shayi duk sun ga Sagir a ƙarƙashin mota har la'asar. Ya juyo.

A shingen bakin Bukkuyum ya tsaya, ya kira Halliru.

"Kwance tsumman nan."

"Don mi?"

"Kwance."

Sauran 'yan sa-kai suka kewaye motar. Halliru ya zauna a kan buhun yashi ya warware. Ciwon a tafin ƙafa yake, tsinin kara ne ya huda shi, ya yi ruwa. Bayan ƙafar lafiya lau.

"Yanzu mu kake tuhuma?" in ji ɗaya daga cikinsu, ya buga murfin mota da gindin adda. "Rana na tafiya, ɗan sanda."

Maccido ya ja mota.

Gidan su Nuraddeen tsohon gidan malamai ne. Mahaifinsu ya rasu, allunansa na jingine har yanzu a zaure. Yanzu buhunan hatsi sun cinye rabin wurin, don babban ɗan, Khalifa, dillalin hatsi ne. A ƙasa akwai ɗigon baƙin mai inda babur ke kwana. Khalifa na zaune a tabarma, ya lulluɓe ƙafafunsa da babbar riga, carbi a hannu. Bai tashi ba. Daga zaune ya miƙo hannu.

"Sannu da aiki, Yallaɓai. Mun shiga uku."

"Ina kake jiya?"

"Kasuwar Gummi. Sai yamma na dawo na iske labari."

"Ƙanenka ya ce yana kwance."

"Ni ban gani ba. Ban san shigarsa ba, ban san fitarsa ba. Tun da ya dawo ba ya shawara da kowa."

"Kuna jituwa?"

Khalifa ya ja carbi. "Shekarun da ya yi can, ni na riƙe gidanga. Kabu-kabu na yi, rana da ruwa, har bayana ya lalace, don kada karatunsa ya tsaya. Ya dawo da babur ɗin da ya fi gidan tsada. Ban ce komai ba."

"Ka taɓa hawansa?"

"Ni? Ko goge shi ba ya bari in yi."

Maccido ya nemi a yi masa magana da Inna Rakiya. Ta zo ta tsaya a bayan labulen ƙofar ciki, ƙafafunta kawai ake gani.

"Inna, Sagir ya ce ya ba ki makullin babur."

Ƙafafun suka gyara tsayuwa.

"Awo. Ya ba ni."

"Ina yake?"

"Na ba mai shi."

"Nuraddeen?"

"Shi."

"Jiya bayan azahar yana ɗakinsa?"

Labulen ya motsa. "Ban leƙa ba."

"Inna, kin san abin da za a yi masa da magariba?"

"Allah na nan," in ji ta. Ƙafafun suka juya suka koma ciki.

Da zai fita, Maccido ya tsaya ya gyara hularsa a gaban ƙaramar tagar zaure. A kan dakalin tagar, bayan wani kwanon awo, madubai biyu ne a jere, an kifa su a kan tsumma don kada su karce. Ya bar su a wurin. Khalifa bai raka shi ba.

A mota ya buga wa sarkin dillalan hatsi na kasuwar Gummi waya. Tsohon ya ce Khalifa bai zo ba jiya, ya aiko cewa ciki na damunsa, har wani ya zauna a rumfarsa.

Ƙarya ɗaya ba ta isa ta mayar da addunan da ke gindin dalbejiya gida ba. Kuma in ya koma ya ɗauko Khalifa daga zauren ubansa da ankwa, ba za su kai caji ofis ba. Maccido ya aika kofur ya gaya masa cewa ƙanensa bai ci komai ba tun jiya, kuma mutane sun fara cewa ko gidansu ba wanda ya leƙo shi.

Khalifa ya zo da la'asar, da kwanon tuwo a ɗaure, yana tafiya a hankali cikin takalmi sau-ciki. Daidai nan aka kira salla a masallacin da ke jikin ofis. Taron ya watse zuwa butoci. Ba yadda zai yi ya wuce. Ya ajiye kwanon ya tsuguna a layi.

Watan kaka ne, zafi kamar a tanda. Kowa ya zare silifas yana kwarara ruwa a ƙafa har idon sawu. Khalifa ya cire takalmi, ya bar safa baƙa. Ya jiƙa hannu ya shafa a kai.

Wani tsoho da ke gefensa ya daina alwala.

"Kai, Khalifa. Shafa bisa safar ƙyalle? Ubanka da bulala ya hana mu wanga. Ko kai ma Indiya ka tafi?"

Wasu suka yi dariya. Khalifa ya ce kaushi ke damunsa. Maccido, wanda ke tsugune a bayansu, ya gama alwalarsa.

Bayan sallama ya taɓa kafaɗar Khalifa. "Zo ka ba shi abincin da hannunka." Sannan ya dubi Dodo. "Kai ma zo. Kai kaɗai. Bar bindigar a waje."

"In na shiga, da shi zan fito."

"Shigo dai."

An kai babur ɗin tsakar ofis, an jingine shi a bango. Nuraddeen na zaune a benci. Ya ga yayansa ya yunƙura zai tashi. Maccido ya ce ya zauna.

"Dodo, tsuguna ka dubi ƙarƙashin ƙarfen nan."

Dodo ya tsuguna. "Jini ne."

"Da fata. Ka yi kabu-kabu, ka san yadda kuke sa giya. Wannan ɗagowa ake yi da bayan ƙafa. Wanda ya hau shi jiya da silifas ya hau. Ya ɗauki hula, ya ɗauki riga, bai ɗauki takalmi ba, don ba wanda ke sa takalmi don babur a garin nan sai mutum ɗaya, kuma kun daɗe kuna masa dariya a kai. Riga ta kare masa kafaɗa, hula ta kare kai. Ƙafa ce ba abin da ya kare. Injiniya, miƙo ƙafarka."

Nuraddeen ya miƙa. Dodo ya kama ta da hannu kamar mai sayen rago, ya juya ta. Ba ko ƙwarzane.

"Ya sa wani ne," in ji Dodo.

"Da ya sa wani, da ya yi masa lodi. Shi ya san salansar na narka roba, ya san ba a jibga nauyi gefe guda. Bakaniken Anka ma ya sani, kuma tasha duka ta gan shi jiya. Wanda ya yi ɗaurin nan ya iya ɗauri sosai, amma na wani babur. Kuma ya kwance madubai. Wa ke kwance madubi ranar da ya sayi babur?"

Dodo ya waiwaya wajen ƙofa. Babur ɗinsa na waje, shi ma ba madubi.

"Ɗan kabu-kabu," in ji Maccido. "Hannunsa ne ya yi, ba kansa ba. Ɓarawo zai sayar da su ko ya yar. Wannan ya kifa su a kan tsumma a tagar zaure, don yana da niyyar mayar da su kafin mai babur ya farka. Sannan ya ɗaga wa Halliru hannu. Kai ka ce raini ne. Shekara guda Injiniya na wuce shingenku. Ya taɓa ɗaga muku hannu?"

"Ko sau ɗaya."

"Wanda ya saba gaisuwa ne ya manta. Khalifa, ba ka je Gummi ba jiya. Cire safar."

Khalifa na riƙe da kwanon tuwo har yanzu. "Yallaɓai, kaushi ne."

"Cire."

"Ni ɗan Malam ne. Gaban wanga za ka tozarta ni?"

Dodo ya miƙe tsaye. "Cire, ko in cire maka."

Khalifa ya ajiye kwanon. Ya zauna a ƙasa. Safar hagu ta manne, sai da ya ja da ƙarfi. Bayan ƙafar ya saluɓe tun daga babban yatsa har tsakiya, ɗanye, an barbaɗa masa garin kafso.

A waje wani na buga adda a jikin ƙarfen fitila.

"Gerona na tsaye bakin daji," in ji Khalifa, idonsa a ƙasa. "Ya nuna. Mutanen daji sun ce ba mai yanka sai an kai musu kaya. Bara na ƙi, sunka sa wuta ina kallo. Gidanga da mi zan ciyar da shi? Da sola?"

"Kai kaɗai ke da gona can?" in ji Dodo. "Ƙanena fa da sunka yanka cikin tasa? Da fetur ɗin wa sunka zo?"

"Me ya sa babur ɗinsa?" in ji Maccido.

"Nawa kuna buɗe komai. Nasa ba a buɗewa."

"Da hular?"

Khalifa ya murza safar a hannunsa.

Nuraddeen ne ya yi magana, a hankali. "Jiya da yamma ka san suna nan waje, Yaya."

"Na sani."

"Ka kwana a gida."

"Na ce hukuma ba ta bari a taɓa mai digiri. Na ce za su kai ka Gusau, ka yi musu Turanci, su sake ka, ka koma inda ka fito. Kai kana da wurin zuwa. Ni ina za ni?"

"Wa ya ba ka makulli?"

Khalifa ya kau da kai. Nuraddeen ya juya ga Maccido.

"Ka je gidan. Me Inna ta ce?"

"Ta ce kai ta ba."

"Ta ce ina kwance?"

"Ta ce ba ta leƙa ba."

Nuraddeen ya gyaɗa kai. "Ita ta kawo mini kunu da maganin," in ji shi. Ya zare makullin daga wuyansa ya ɗora a kan benci, ya tura shi nesa da kansa.

Dodo ya gyara tsayuwa. "To. Na yi kuskuren mutum, ban yi kuskuren gida ba. Injiniya, tashi ka tafi, ba mai taɓa ka. Wanga kuwa namu ne."

Khalifa ya rarrafa ya kama ƙafar benci. "Nuraddeen. Ƙanena. Yi musu magana."

Nuraddeen ya ɗauke ƙafarsa daga kusa da hannun.

Maccido ya yi wa kofur alama. Aka ɗaga Khalifa aka shige da shi ciki, safa ɗaya a ƙafa. Sannan ya kama Dodo a gwiwar hannu ya taka da shi har bakin ƙofa. Rana ta yi ƙasa. Taron ya tsallako titi, ya cika harabar. A can baya, jikin katanga, Inna Rakiya na tsaye da mayafi a baki.

"Ka gani da idonka," in ji Maccido. "Faɗa musu."

Dodo ya dubi mutanensa. Ya ɗaga murya. "Ba Injiniya ba ne. Na duba da kaina. Yayansa ne."

Hayaniya ta tashi. Tsohuwar ta zame ta zauna a ƙasa. Dodo ya karɓi bindigarsa daga hannun Halliru ya juyo.

"Na faɗa. Saura naka. Fito da shi."

"Jiya ka rantse da wancan. Da na ba ka shi, da yanzu kun binne shi."

"Yau ba kuskure."

"Yau ma ba naka ba ne."

"Ku biyar ne, Maccido."

"Na ƙirga."

Ya ja da baya taki ɗaya, ya turo ƙofar ƙarfen ta rufu a fuskar Dodo, ya zura sakata. Duwatsu suka fara sauka a kan kwano. Ya juya ga kofur.

"Juyo da mota ta ƙofar baya, ka sa shi a ƙasan kujera. Gusau zan kai shi, kuma da ransa zai isa."